Lamba Biyu

A shagona na faifai, kan hanyar Perth a Dundee,
akwai baƙin allo bayan ƙofa.
Duk yammacin Lahadi ina kasa kunne ga rediyo,
alli a hannun dama, tsumma a hagu,
in rubuta wanda ya hau, in share wanda ya zame.

Elspeth Garvie, ’yar mai ɗinkin ragar kifi,
muryarta ruwan Tay ce a tsakiyar hunturu,
ga sanyi, ga ja.
Torquil Baird, dogo, ba ya iya haɗa ido da mutum.
Piyanon lantarki ya saya na gwanjo,
maɓalli biyu matattu,
sai ya koyi yadda zai kewaye su,
daga baya masana suka ce wai salo ne.

Faifansu na fari a ɗakin ajiyar kifi aka naɗe shi.
Suka kawo mini ashirin cikin kwalin biskit.
Na sayar da shida.
Uku daga ciki uwar Elspeth ce,
kowane zuwa da wata hular daban.

Na biyu ya leƙo jadawali a sittin da takwas,
mako guda, ya mai da kai kamar kunkuru.
Na uku ya kai sha tara,
na ja masa layi biyu a ƙasa.

Sai waƙar nan ta jirgin ƙarshe na dare,
ta mutumin da ya yi barci ya wuce tasharsa.
Sha ɗaya. Bakwai. Huɗu.
Direbobin bas na fito da ita,
’yan makaranta sun yi layi har gaban kantin burodi.
Biyu.
Mako ya zagayo, biyu.
Ya sake zagayowa, biyu,
a bisansu kuwa wani karen talabijin
yana haushi kan kiɗan Kirsimeti.
Na karya alli a daren nan,
ban kuma sayar da faifan karen ba,
na ce wa masu tambaya ya ƙare.

Daga nan sai London, sai Tokyo,
faifan zinariya cikin gilashi,
hotonsu a bangon ɗakunan ’yan mata.
Kundi huɗu, ƙananan faifai goma sha uku,
in ka haɗa da wanda aka buga a Jamus kaɗai
da sunan Torquil a rubuce ba daidai ba.

Jifa dai, an san inda yake komawa.
Sha huɗu, talatin da ɗaya, hamsin da wani abu.
Kundin ƙarshe shi ne mafi kyau, ko a gaban wa zan faɗa,
amma ko ƙofar jadawali bai taɓa ba.
A cikinsa ba sa waƙa tare,
ta shiga da safe, ya shiga da dare,
injiniya ne ya ɗinke su.
In ka saurara da kyau za ka ji ɗinkin.

Torquil na Halifax yanzu, wai yana gyaran jiragen ruwa.
Elspeth na koyar da yara waƙa a Broughty Ferry.
Bara ta shigo, ruwan sama na ɗiga daga lemarta,
furfura ta cinye gaban kanta,
tana neman allurar garmaho.
Ta juya za ta fita, ta ga kusurwar allon
inda shekara talatin tsumma bai taɓa ba:
sunansu, da lamba biyu, allin ya koma ruwan toka.

Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, ai mu biyu ne, Agnes,
ina za mu kai ɗaya?
Ta yi dariya, ni ban yi ba.
Ta manta canjinta a kan kanta,
fam ɗaya da sulalla, yana nan cikin kofi.